Wai ƙarfe ne ke watsa ciwon daji? Amsa ga mai tambaya daga Daura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Daga Daura nake rubuto maka. Wata biyar ke nan da mahaifiyarmu, mai shekara 47, ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, ba ya mata ciwo. Da muka kai ta asibiti aka ce sai an sa allura an ɗebi ɗan nama an auna. Kawunmu ya hana. Ya ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fantsama cikin jiki, ya kuma kawo misalin maƙwabciyarmu da aka yi wa aiki ba ta cika wata huɗu ba ta rasu. Shin haka ne? Ana ɗaukarsa? Ƙannena mata fa, za su gada?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne.

Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, kada ta ɓace cikin tsawon bayani: a yi gwajin, kuma in da hali kada makon nan ya fita ba a yi ba. Allurar ɗibar nama ba ta watsa ciwon daji. Wata biyar ɗin nan da aka riga aka ci ya fi allurar ba ni tsoro nesa ba kusa ba.

Amma ba zan ce Kawu ya yi shirme ba. Na daɗe ina aikin tiyata a nan Katsina, kuma maganar da ya yi na ji ta daga bakin manoma, na ji ta daga bakin malaman makaranta, har da ma'aikatan lafiya. Abin da ya gani a gidan maƙwabta ya faru, a fassararsa ne aka samu kuskure, kuma sai mun bi ta kan yadda ciwon yake kafin a gane inda kuskuren ya shigo.

Tukuna ma, ba mu san ko daji ba ne. Cikin ƙullutai goma da ake samu a mama, wajen takwas ba daji ba ne: wani ruwa ne ya taru, wani tsiro ne mara illa irin wanda 'yan mata suka fi samu, wani kitse ne. Sai dai idan mace ta haura arba'in, ƙullutun yana da tauri, ga shi ba ya ciwo, ba ma yarda da shi sai an auna. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane, alhali sankarar mama a farkonta yawanci shiru take. Hannun likita, komai ƙwarewarsa, ba ya yanke hukunci, hoto ma ba ya yankewa. Sai an sa naman ƙarƙashin madubin likita an ga ƙwayoyinsa.

Akwai kuma matsalar sunan kansa. A Hausarmu kalmar "daji" buhu ce, komai ana zubawa a ciki. Ƙafa ta kumbura ta yi ja, daji. Gyambo ya ƙi warkewa, daji. Mai goyo nononta ya yi maruru, daji. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta ne kawai, suna warkewa da maganin kemis ko ma su warke da kansu. Shi ya sa idan mai magani ya rantse cewa ya warkar da daji sau hamsin, wataƙila ba ƙarya yake yi ba, abin da ya kira daji ne ba shi muke nufi ba. Wanda muke nufi, wanda ake ce wa sankara ko kansa, wani abu ne daban.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kundin umarni, wanda ake kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe kundin nan gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafan hannu na gidajen malamai a cikin birnin Katsina ya san yadda kwafi yake: komai taka-tsantsan ɗin marubuci, wata rana ɗigo zai faɗi, wanda ya kwafa daga gare shi ya ɗauki kuskuren ya ƙara nasa. Jiki yana da masu bita da ke gyara mafi yawan kurakuran, ƙwayar da ta lalace fiye da gyara kuma tana da umarnin ta kashe kanta. Daji yana farawa ne ranar da kurakurai suka taru a shafukan da suka fi muhimmanci: shafin da ke cewa "rabu", da shafin da ke cewa "tsaya haka nan", da shafin da ke cewa "mutu". Ƙwayar ta zama mota mai totur a manne, ba birki. Ba kuskure ɗaya ke jawo wannan ba, sai sun taru, kuma taruwar tana ɗaukar shekaru. Dalilin ke nan da ya sa ciwon ya fi yawa a manya.

Ka lura da abu guda a nan, domin shi ne amsar tambayarka ta biyu. Daji ba baƙo ba ne da ya shigo daga waje kamar ƙwayar tarin fuka. Naman mutum ne ya yi masa tawaye. Don haka ba a ɗaukarsa ta kwano, ko tabarma, ko wanke wa mara lafiya kaya, ko kwana ɗaki ɗaya. Kada a ware wa Inna kofi. Na ga matan da wariyar gida ta fi ciwon karya musu zuciya.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙe. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Kafin ƙari ya kai girman ƙwayar gyaɗa, inda yatsa zai iya jin sa, ya ninka kansa wajen sau 30, yana ɗauke da ƙwayoyi kusan biliyan ɗaya. Wato ranar da mace ta fara jin ƙullutu, ciwon ya daɗe a wurin, galibi shekaru. Manomi ya san irin wannan a gonarsa. Ƙuduji yana maƙale saiwar dawa yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa, ranar da ya fito ya yi furensa mai kyau, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Idan aka bar shi ya zubar da iri kuwa, gonar ta shiga uku shekara da shekaru.

Da ƙari zai tsaya inda ya tsiro, da sankarar mama ba ta cika kisa ba, don ba da mama ake numfashi ba. Abin da ke kisa shi ne yaɗuwa. Ƙarin yana fitar da sinadaran da ke jawo sababbin jijiyoyin jini su zo su ciyar da shi. Daga nan wasu ƙwayoyin su ɓalle daga 'yan'uwansu, su huda bangon da ya kewaye su, su faɗa ɗaya daga hanyoyi biyu. Ta farko ita ce magudanar farin ruwan jiki, wadda ke bi ta kaluluwa. Magudanar mama a hammata take zubewa, shi ya sa likita ke laluba hammata, wani lokaci har saman ƙashin wuya. Ta biyu ita ce jini, wanda ke kai su ko'ina. Mafi yawan ƙwayoyin da suka shiga jini mutuwa suke yi a hanya, sojojin jiki su cinye wasu, wasu su kasa samun wurin zama. 'Yan kaɗan ne ke sauka, wasu su kwanta barci shekaru kafin su farka.

Ba kuma ko'ina suke sauka ba. A 1889 wani likitan Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga ciwon yana da wuraren da ya fi so. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa: iska tana watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasar ta karɓe shi yake tsirowa. Har yau wannan bayanin yana nan daram. Sankarar mama ta fi son ƙashi, da huhu, da hanta, da ƙwaƙwalwa. Idan ta sauka a ƙashin baya, har yanzu sankarar mama ce, da maganin mama ake yaƙar ta.

Duk wannan tafiya ba ta jiran wuƙa. Tana faruwa dare da rana, ko an taɓa ƙarin ko ba a taɓa ba, kuma gwargwadon girman ƙari da daɗewarsa, gwargwadon irin da ya watsa.

To mu koma kan maƙwabciyarku, Allah Ya jiƙanta. Ban gan ta ba, amma na ga ɗaruruwa irinta, kuma labarin kusan ɗaya ne. An ji ƙullutu, an yi shiru saboda kunya. An yi shekara ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai da fata ta fashe, wari ya hana zama, sannan aka kawo ta. A lokacin irin ya riga ya sauka a hanta ko huhu. Aka yi aiki don a raba ta da gyambon da jinin da ke zuba, bayan wata uku abin da ke cikin hanta ya bayyana. Mutanen unguwa suka ga abu biyu a jere, aiki sannan mutuwa, suka ɗaura ɗaya a wuyan ɗaya. Ka ɗauka magini ne aka kira ya duba ɗaki, ya yaye rufi ya tarar gara ta cinye azara. In ɗakin ya rufta bayan sati biyu, ba magini ne ya kawo garar ba.

Akwai kuma ɓangaren da Kawu ba zai taɓa gani ba. Matar da aka yi wa aiki da wuri ta warke ba ta shela. Ta sa mayafinta ta koma harkokinta, tana zuwa biki tana zuwa suna, daga ita sai mijinta sai 'yarta suka sani. Ina da irinsu da ke zuwa mini duk shekara a duba su, wata har ta aurar da jikoki, kuma sukan roƙe ni kada kowa ya ji. Wadda ta rasu kuwa gari duka ya je jana'iza. Da haka aka wayi gari jama'a sun san duk wadda asibiti ya kasa ceta, ba su san ko ɗaya da ya ceta ba.

Duk da haka akwai ƙwayar gaskiya a maganar ƙarfe, kuma ba zan ɓoye ta ba. Taɓa daji ba bisa ƙa'ida ba yana da illa ƙwarai. Idan wanzami ya yi masa sakiya ko tsaga, ko wani a ɗakin shan magani ya ɗauka maruru ne ya farke shi, ko aka manna masa magani mai cin fata, an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa: gyambo, ƙwayoyin cuta, jini, sannan ƙarin ya biyo ramin ya fito waje. Haka ma aikin da aka yanka ta tsakiyar ƙarin aka bar rabi. Wata baiwar Allah da aka kawo mini daga wani ƙauye, sau uku ana tsaga mata ana cusa gari, ƙullutun da bai fi goro ba ya zama rami. Ina kyautata zaton daga irin wannan ne kakanninmu suka ɗauko maganar, kuma a zamaninsu sun yi daidai. Aikin likitan daji daban ne: ba ya shiga cikin ƙarin, yana zagaye shi ne ya ɗauke shi ɗungurungum da lafiyayyen nama kewaye da shi. Allurar gwaji kuma siririya ce, ana kashe wurin, minti kaɗan an gama, mutum ya koma gida a ranar. An bi matan da aka yi wa wannan gwaji masu ɗimbin yawa a ƙasashe daban-daban, ba a ga ya rage musu kwana ba. Akwai wasu 'yan nau'o'in daji, irin na 'ya'yan maraina, da mu kanmu ba ma soka musu allura, muna da dalilinmu. Na mama ba ya cikinsu.

Wannan muhawara ta a taɓa ko kada a taɓa ta girmi Daura da Katsina a rubuce. Wata takardar likitancin Misira da aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta siffanta ƙari mai tauri a ƙirji, marubucin ya ce ba shi da magani. Girkawa suka kira shi ƙaguwa, saboda jijiyoyin da ke miƙewa daga jikinsa kamar ƙafafunta, Larabawa ma suka ce saraɗan, ma'anar ɗaya ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus wanda ya rayu shekara dubu da suka wuce, ya bar shawarar da ko yau ba ta tsufa ba: idan ciwon yana farkonsa kuma a wurin da za a iya cire shi duka, kamar mama, a cire, idan ya tsufa ya girma, a bar shi, don shi bai taɓa warkar da irin wannan ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Ka ga ko a wurinsa, lokaci ne ke raba wanda za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba.

Likitocin Turawa su ma sun yi nasu kuskuren, ta ɗaya gefen. A ƙarshen ƙarni na 19 William Halsted a Amurka ya ɗauka daji rarrafe kawai yake yi daga wuri zuwa maƙwabcinsa, don haka yawan yanka shi ne yawan waraka. Ya riƙa cire mama da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata gaba ɗaya, aka bi shi a haka shekaru kusan tamanin, mata suna fita da ƙirji a rame da hannu a kumbure. Sai da Bernard Fisher da abokan aikinsa suka gwada a kan mata masu yawa, sakamakon ya fito a 1985, aka tabbatar cewa ga ƙaramin ƙari, cire shi kaɗai a bi da gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin daji, daidai yake da cire maman duka wajen tsawon rai. Dalili shi ne abin da na faɗa a sama: makomar mai ciwo tana hannun irin da ya riga ya fita, faɗin yanka ba ya dawo da shi. Wannan ya shafi Inna kai tsaye. Zuwa da wuri yakan sa a tsira da maman kansa.

Da yake irin da ya fita ido ba ya ganinsa, wuƙa kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa maganin yau yake da ƙafafu da yawa. Gashi ya samo asali daga hasken hoton ƙashi (X-ray) da Röntgen ya gano a 1895 da sinadarin radiyom da Marie Curie da mijinta suka gano a 1898. Ba wuta ake sa wa mutum ba, kwanciya ake yi ƙarƙashin na'ura na 'yan mintoci, ba a jin komai a lokacin, kwana biyar a mako har mako uku zuwa biyar. Kimo kuwa, wato maganin daji da ke bin jini, abin mamaki, daga gubar yaƙi aka fara samo shi: an lura iskar gubar da aka yi amfani da ita a yaƙin duniya na farko tana kashe fararen ƙwayoyin jini, sai a 1942 aka gwada danginta a kan mai sankarar kaluluwa. A 1947 Sidney Farber a Boston ya fara ba yara masu sankarar jini wani magani, ciwon ya lafa na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba. Nahiyarmu ma tana da hannu a tarihin nan. A 1958 Denis Burkitt a Yuganda ya siffanta wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda muke gani a nan ma inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kuma Victor Ngu a Ibadan yana cikin waɗanda suka nuna cewa kimo yana narkar da shi, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972.

Kimo yana bin jini ne yana kashe duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Ƙwayoyin daji suna ciki, amma haka saiwar gashin kai, da fatar baki da hanji, da ɓargo. Daga nan zubewar gashi take, da tashin zuciya, da kasala, da baƙin farce. A nan ne iyalai da yawa ke guduwa, su ce maganin ya fi ciwon. Ku sani tun yanzu gashi yana zubewa mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, kuma yana dawowa bayan an gama. Yawanci ana yin zagaye shida zuwa takwas, mako uku-uku a tsakani. Wanda ya yi biyu ya ga ƙullutu ya motse ya ce an warke, ya yi noman farko ne ya bar gona ba maimai. Sau da yawa ma da kimo muke farawa, don ƙarin ya ƙanƙance kafin aiki. Abu ɗaya da nake so ka rubuta ka ajiye: mai shan kimo idan ta yi zazzaɓi, ba a cewa maleriya ce a sayo magani a kemis. Sojojin jikinta sun yi ƙasa, asibiti za a nufa a daren.

Gwajin naman yana da wani amfani da ya wuce a ce daji ne ko ba daji ba. Sankarar mama iri-iri ce. Wata da sinadarin mata na estirojin take ci. Tun 1896 George Beatson a Gilasgo ya lura cewa cire ƙwan mace yana sa ƙarin wasu matan ya ja baya, yau kuma ƙwaya ake haɗiya, irin su tamoksifen, kullum ɗaya har shekara 5 zuwa 10, ba ta da tsada sosai. Wata tana da alamar da ake kira HER2, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, tana da allurarta ta musamman tun 1998, mai aiki ƙwarai, mai tsada ƙwarai. Wata kuma ba ta da ko ɗaya, kimo ne makaminta, kuma wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, yana kuma da sauri. Idan ba a ɗebi nama ba, ta yaya za a san wacce ake fuskanta? Ku tambaya a yi wannan ƙarin gwajin a kan naman da aka ɗiba, ko da za a aika shi wani gari.

Game da ƙannenka: gadon kai tsaye kashi 5 zuwa 10 ne kawai cikin ɗari na masu sankarar mama. An gano manyan shafukan gadon guda biyu, BRCA1 da BRCA2, a 1994 da 1995. Abin da ke sa mu zargi gado shi ne a samu mata biyu ko uku a dangi ɗaya, ko ta kama wata tana ƙasa da arba'in, ko mama biyu, ko sankarar ƙwan mace, ko namiji ya yi ta (e, maza ma suna yi, wajen ɗaya cikin ɗari na masu ita). A duba dangin uba kamar yadda ake duba na uwa. In ba haka ba, haɗarin 'yar wadda ta yi ya ɗara na sauran mata, amma mafi yawansu ba za su yi ba. Su san jikinsu, su riƙa dubawa bayan sun yi wankan al'ada: ƙullutu, kan nono ya shige ciki, jini daga kan nono, fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa a hammata. Sa kuɗi ko waya a rigar mama ba ya kawo shi. Shayarwa tana rage haɗari, amma ba ta kawar da shi, na yi wa masu 'ya'ya goma aiki.

Tunda ana maganar ƙanne, bari in ɗan ratse. Daji ba a ɗaukarsa, amma wasu cututtukan da ke share masa hanya ana ɗauka, kuma nan ne muke da abin yi da arha. Sankarar bakin mahaifa, wadda ke bin ta mama wajen kashe matanmu, ƙwayar cutar HPV ce ke jawo kusan dukkanta. Najeriya ta fara ba 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a Oktoban 2023, allura ɗaya. In akwai masu wannan shekarun a gidanku, a kai su. Dajin hanta, wanda ke ɗauke mana magidanta da ƙuruciyarsu, yawancinsa daga ciwon hanta nau'in B ne, shi ma yana cikin rigakafin jarirai, kuma gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba tana ƙara masa ƙarfi. Tsargiya da aka bari shekaru tana iya kaiwa ga dajin mafitsara. Taba kuwa tun 1950 aka gama magana a kanta.

Ƙididdigar hukumar lafiya ta duniya ta 2022 ta nuna sababbin masu daji wajen miliyan 20 a duniya, da mutuwar kusan miliyan 10. A Najeriya an ƙiyasta sama da mutum 120,000 a shekarar, mata sama da 30,000 daga ciki sankarar mama ce. A ƙasashen da ake kama ta tun tana cikin mama, fiye da tara cikin goma suna nan da rai bayan shekara biyar. A wurinmu mafi yawa sai a mataki na uku ko na huɗu, wato ciwon ya riga ya yi nisa, suke isowa. Ba jikin matanmu ne ya fi rauni ba, kuma magungunan iri ɗaya ne.

Ko da an tarar ya yi nisa, ba a cewa a koma gida a jira. Akwai abin da ke rage gudun ciwon, gashi yana kwantar da ciwon ƙashi, mofin na sha, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, yana sa mutum ya yi barci ya yi sallarsa cikin natsuwa, kuma ba ya gaggauta ajali idan likita ne ya tsara shi.

Ta fuskar wurin zuwa, abin ya fi da sauƙi. A da duk mai buƙatar gashi daga jihar nan sai ya nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, kuma daga Daura tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ku karɓi takardar turawa daga inda aka fara ganin ta, ku haɗa duk hotuna da sakamako a jaka ɗaya. Kuɗi za a kashe, ba zan yi maka daɗin baki ba. Ku zauna da dangi tun yanzu a san abin da za a iya tarawa, kada a fara a tsaya a tsakiya, ku kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya game da asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Kuɗin da iyalai ke ƙonawa a yawon magani kafin su zo, sau da yawa ya isa ya biya aikin.

Addu'a da tofi da rubutu ba ni da ja a kansu, ni ma ina yi wa marasa lafiyata addu'a, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaga, kada a manna komai a wurin, kuma duk abin da take sha na gargajiya a faɗa wa likita, don wasu jiƙe-jiƙen suna wahalar da hanta da ƙoda, su ne kuma gaɓoɓin da za su ɗauki nauyin kimo.

Saura Inna da kanta, wadda ban ji ka faɗi ra'ayinta ba. Jikinta ne. A zaunar da ita a gaya mata gaskiya da lafazi mai taushi, in tana jin nauyin likita namiji ku nemi mace ta duba ta ko ta tsaya a wurin, ana yin haka kullum. Shi kuma Kawu kada ka yi masa gardama a tsakar gida, ɗan'uwanta ne, tsoron rasa ta ne ke magana a bakinsa. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka ce kana so ya raka ku, don shi ne babba. Idan kun zo a shigo da shi ɗakin likita, a nuna masa allurar ya riƙe ta a hannunsa, ya yi duk tambayar da ke ransa. Sakamakon naman yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Ranar karɓa ma ku taho da shi.